Ƙarar Sanda

Ta sauya wa matar murya, amma ta manta da sandarta.

Wata biyu 'yar rahoton, wadda abokan aiki ke kira Gaggawa, ta yi tana bibiyar wata masana'antar sabulu da sinadari ke cinye wa ma'aikatanta hannu. Mace ɗaya ce ta yarda ta yi magana, mai naɗe sabulu a takarda, bisa alkawarin ba za a gane ta ba. Ƙarfe huɗu na yammacin Asabar rahoton zai fita a filinta na rediyo.

Da safen ranar ta tafi taron mata 'yan jarida na ƙarshen wata, tana taƙama. Al'adar taron ita ce kowa ta kunna aikinta, sauran su rufe ido su saurara. Anti, wadda ta shekara talatin a aikin kafin ta yi ritaya, ita ta kafa dokar.

Minti ɗaya da kunnawa, Anti ta ɗaga hannu.

"Mayar baya, 'yata. Mene ne wannan ƙwas-ƙwas ɗin?"

"Sandarta ce, Anti. Ƙafarta ɗaya ba ta da ƙarfi. Muna tafe muna hira."

"Mata nawa ke dogara sanda a wurin?"

"Ita kaɗai ce," in ji Gaggawa.

"Kin sa mata muryar ƙato," in ji wata daga baya, "kin bar mata ƙararrawa a wuya!"

Aka yi dariya kaɗan. Anti ba ta yi ba.

"Ni tari na bari," ta ce. "Tarin wata mai shara a asibiti. Washegari aka kore ta. Har yau idan na hango ta a kasuwa, sauya layi nake yi."

Gaggawa ta fita baranda ta kira edita. Ta ce masa a dakatar da rahoton: ƙarar sandar tana ƙarƙashin kowace kalma, ba ta gogewa.

"Mako guda muna tallar rahoton nan!" ya daka mata tsawa. "Wa zai kula da wata sanda?"

"Mai masana'antar, ranka ya daɗe."

"Ki turo shi yanzu, ko ki manta da filin nan."

Ba ta tura ba. Da ta koma ciki, Anti ta matsa mata a kujera, ta miƙa mata ruwa.

"Na gode, Anti."

"Sha dai. Wata mai zuwa ki zo da makirufo, mu koya miki zaunar da mutum kafin ki naɗi muryarsa."

Ranar Litinin ta biyo ta ƙofar masana'antar. Ma'aikata na shiga, can a tsakiyarsu ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti. Ta tsaya har ƙarar ta shige ciki, ta yi hamdala.

Sannan ta wuce ofis, inda aka ba wani filinta, ita kuma aka miƙa mata takardun cigiya ta karanta: akuya biyu da katin shaida ɗaya.