Kwana Nawa Uwar Romo Za Ta Jure

Shekara talatin da ɗoriya Zaiton ta yi tana yanka albasa a rumfar mijinta tana kallon jiragen ruwa. Rumfar tana ƙarshen layi ne, daidai inda gine-ginen George Town suka ja baya teku ya bayyana, don haka duk farin jirgin yawon shaƙatawa da ya shigo tasha sai ya gifta ta gabanta. Mutanen ciki su sauko da faffaɗan huluna, wasu su zauna a bencinta, ta goge hannu a jikin zani ta tambaye su me za su ci. Da la'asar jirgin ya yi kuka ya kwashe abinsa, ita ta koma wanke kwanuka. Ba ta taɓa gaya wa kowa tana sha'awa ba, amma 'yarta Rozita ta daɗe tana lura da inda idon uwarta yake zuwa.

Wata Lahadi Rozita ta zo rumfar tare da yayanta Feroz, suka ce sun haɗa kai za su kwashi gidan gaba ɗaya su shiga jirgi a hutun makaranta, har surukai da jikoki. Abin da ya rage kawai a zaɓi tsawon tafiyar. Akwai ta kwana biyu, a fita teku a juyo. Akwai ta kwana huɗu mai zuwa har tsibirin Phuket. Akwai kuma ta mako guda cur.

"Mako guda," in ji Feroz. "In za a yi abu, a yi shi sosai."

"Kai ɗin?" Rozita ta harare shi. "Kai da kake amai a jirgin fito kafin a kai Butterworth da ke nan tsallake? Ga yara, ga ɗaki kamar akwati. Tafiyar farko ce, a fara da kwana biyu a ga yadda cikin kowa zai karɓa."

Mahaifinsu Pitchay Gani yana tsaye kan tukunyar farfesun akuya yana juyawa, bai ko waiwayo ba.

"Allah ya kai ku lafiya," ya ce. "Ku riƙo mini tsaraba."

Babu wanda ya yi mamaki, don duk layin an san zancen uwar romo. Kullum in an tashi kasuwa, Pitchay yana tace romon da ya rage a gindin tukunya ya ajiye. Da safe ya tafasa shi, ya zuba sabon nama da ƙashi da kirfa da kanumfari a kai. Haka ubansa ya yi, kuma daga hannun uban ya karɓi romon da zafinsa. Tun daga nan uwar romo ba ta taɓa wuni ba ta ga wuta ba. Ranar Sallah daga idi rumfa yake wucewa. Ranar auren Rozita ma an neme shi wajen hoto an rasa, ashe yana can yana hura gawayi da kayan biki a jikinsa. In ya ɗanɗana da safe ya ji ya yi daidai, sai ya buga cokali sau biyu a bakin tukunya, ƙwas ƙwas, sannan a buɗe rumfa. Shi bai ma san yana yi ba. Zaiton kuwa da wannan ƙarar take sanin lokacin jera kwanuka.

Aka kawo masa dabaru, ya yi fatali da su. A ɗauki wani ya riƙa tafasawa? Ya ce hannun bare ba ya taɓa ta. Da Feroz ya ce ai sai a sa ta a firiji ta daskare, saura kaɗan ludayi ya sauka a kansa.

"Romon ubana a cikin ƙanƙara, kamar kifin kanti? Feroz, karatun nan naka bai amfane ka ba."

"To, Mak, ke ki zo mu tafi," in ji Rozita, don Mak suke kiran uwarsu, uban kuma Abah. "A bar Abah da tukunyarsa."

Zaiton ta girgiza kai. Ta san halinta. In ta tafi ta bar shi, za ta ƙare kwanakin ne tana tunanin wa ke yanka masa albasa, ko ya sha maganin hawan jininsa. Tana son jirgin nan har cikin ranta, kuma tana son shi a ciki, zaune kusa da ita babu ludayi a hannunsa. Ba ta kuma son kwana biyu. Ranar farko ka ƙare wajen neman ɗakinka, ta biyu kana ɗaure kaya, yaushe ka huta? Kwana huɗu take so, kuma ta sha alwashin sai ta samu.

Mace ba ta zama da mutum shekara talatin ba ta san inda yake da rauni ba. Na Pitchay a harshensa yake. Babu abin da yake taƙama da shi kamar ɗanɗano; yana cewa ko akuyar da ta ci takarda aka yanka zai gane. Don haka Zaiton ta jira safiyar da benci ya cika, Kawu Teoh, tsohon mai keken ɗaukar fasinja da ya fi kowa daɗewa yana cin farfesun, yana zaune yana tsoma burodi a romo. Sannan ta ɗaga murya, ta kira shi Abang, yadda matan garin ke kiran mazajensu.

"Abang, ni fa ina ganin tsoro kake ji."

"Tsoron me?"

"Tsoron a daskarar da romon nan a kawo maka, ka kasa ganewa."

Kawu Teoh ya ajiye burodi, ya gyara zama.

"Ni?" Pitchay ya dafa ƙirji, ya gutsure sunanta yadda ya saba. "Ton, ni kike gaya wa haka a gaban mutane?"

"To mu gwada mana. In ɗebi kaɗan in daskarar, in dafa tukunyata a gefe, in ajiye maka kwano biyu. In ka nuna naka, na bar maganar jirgi har abada. In ka kasa, iya kwanakin da romon ya yi a ƙanƙara, iya su za ka yi a teku."

"Kai, Pitchay, an kama ka," Kawu Teoh ya ce yana dariya har da tari. "In ka ƙi, gobe duk tasha ta ji."

Pitchay ya cika ya batse. Ya miƙa mata ludayi da kansa, ya ce ta ɗiba, kuma a sa Teoh shaida don kada a ce an yi masa coge.

Bayan kwana biyu Zaiton ta narkar da nata, ta dafa shi da nama iri ɗaya da kayan ƙamshi iri ɗaya. Wannan bai ba ta wuya ba, ai tun kafin a haifi Feroz ita ke daka kayan. Ta zuba kwano biyu a bayan labule a gaban Kawu Teoh, ta kawo ta dire. Pitchay ya kurkure baki da ruwan ɗumi kamar mai shirin alwala. Ya ɗanɗana na dama, ya buga cokali, ƙwas ƙwas. Ya ɗanɗana na hagu, ya sake bugawa, ƙwas ƙwas. Sai gumi ya karyo masa. Ya koma dama, ya dawo hagu, ya shinshina, ya ɗaga cokali ya duba maiƙon a hasken rana. Daga ƙarshe ya nuna na hagu da ƙarfin hali.

"Na ƙanƙara ka nuna, malam," in ji Kawu Teoh.

Layin ya ɗauki sowa. Mai sayar da shayi na maƙwabta har da buga faranti. Rozita ta ciro waya za ta kama musu ɗakuna na kwana biyu tun kafin uban ya sake shawara, Zaiton ta riƙe mata hannu.

"Dakata. Akwai wani romon da na ajiye a firiji. Wannan sai ya cika kwana huɗu."

"Mak, kin fa ci! In ya gane a karo na biyu, shi ke nan an rasa duka."

"Na sani," ta ce. Ta koma kan albasarta.

Pitchay kuwa ya ce mura ce ta toshe masa hanci, kuma yana maraba da zagaye na biyu. Kwana biyun da suka biyo baya bai taɓa barkono ba, bai sha shayi mai zafi ba, yana tattalin harshe.

Ranar gwaji na biyu benci bai ɗauki mutane ba, wasu a tsaye suke har bakin titi. Tun a bayan labule, da Zaiton ta ɗanɗana nata, ta ji bambancin. Romon yana da daɗi, kowa zai sha ya yi santi, amma wani ɗan ƙamshi da ke tasowa a ƙarshen maƙogwaro ya ja baya. Ita ma da ta ji, balle shi. Ta ajiye na ƙanƙara a dama, nasa a hagu, ta koma gefe ta tsaya.

Ya ɗanɗana na dama. Cokali ya tsaya a sama, bai buga ba. Ya ɗanɗana na hagu, hannunsa ya sauka da kansa, ƙwas ƙwas.

Shi ke nan, Zaiton ta ce a ranta. Kwaɗayi ya ja mata, ga kwana biyun ma ta zubar. Ta juya kai wajen teku don kada hawaye ya kunyata ta a gaban masu cin farfesu, sai kuwa ga wani farin jirgi yana shigowa tasha a hankali. Ta tsaya tana kallonsa yadda ta saba, ta ma manta ana kallonta.

Pitchay ya kai dubansa gare ta. Ya bi idonta da kallo har zuwa jirgin, ya dawo ya dubi hannuwanta, duk tabon wuƙa da na ƙunar tukunya. Ya daɗe a haka har wani daga baya ya ce, "Malam, muna da wajen aiki fa."

Ya ɗaga yatsa ya nuna na dama.

"Wannan ne nawa."

Kawu Teoh ya buɗe baki, ya dubi kwanon, ya dubi Pitchay. Ya sa nasa cokalin ya ɗanɗana duka biyun, girarsa ta ɗaga. Kafin ya ce uffan Zaiton ta tura masa burodi guda cur a gaba.

"Ci, Kawu, yau kyauta ne. Faɗa musu kawai."

"Ka sake faɗuwa, Pitchay," in ji tsohon, yana kallon burodin. "Harshen nan naka ya tsufa."

"Ya tsufa," Pitchay ya amsa, ya koma kan tukunyarsa.

Wannan karon har masu wucewa a babur sai da suka tsaya tambayar ko aure aka ɗaura. Feroz ya rungume uwarsa yana tsalle.

"Mak, tunda abin ya zama haka, a gwada mako guda! Wallahi ba zai gane ba."

"Huɗu," ta ce.

"Haba Mak, ga dama ta samu..."

"Feroz, na ce huɗu. Kai da ko jirgin fito ba ka iya ba, me za ka yi da mako?"

Aka yi dariya, magana ta mutu. Ita kaɗai ta san abin da aka ba ta da safen nan, kuma ba ta da niyyar neman ƙari a kai.

Ranar tafiya, Pitchay da kansa ya tace uwar romo, ya raba ta gida biyu, rabi a firijin Rozita, rabi a na Feroz, saboda ko wuta za ta ɗauke a unguwa ɗaya. Ya tsaya gaban kowanne ya yi addu'a, jikoki suna ƙunshe dariya. Da la'asar jirgi ya yi kuka. Zaiton tana can sama riƙe da ƙarfen baranda, cikin sabuwar riga shuɗiya, tana neman layinsu a cikin rufin gidaje. Ta gano shi. Ga rumfar a kulle, abin da idonta bai taɓa gani da rana ba, ga Kawu Teoh ɗan mitsitsi a kan kekensa yana kaɗa tawul. Daɗi ya kama ta kamar ta yi guɗa, sai kuma ta yi, ba ta damu da baƙin da suka waiwayo ba.

A ɗakin cin abinci aka ba su babban tebur kusa da taga. Feroz tuni ya yi laushi, yana tsotsar lemun tsami. Pitchay ya zauna ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɗauki cokali yana juyawa. Zaiton ta matso kusa da kunnensa.

"Abang, ranar nan ka buga cokali a na hagu."

"Ni? Hannu ne yake rawa. Tsufa."

"Romon zai canja fa. Na ji shi."

"Zai dawo. In ya sha wuta kwana biyu zai dawo." Ya ajiye cokalin, bai dube ta ba. "Uwar romo kwana huɗu kawai za ta jure. Ke shekara nawa kika jure?"

Kafin ta amsa, wata budurwa cikin farar riga ta zo ta tsaya a gefenta, ta ɗan rusuna.

"Mak, me za ki ci?"

Zaiton ta waiga ta ga ko da wata ake. Tambayarta ce, wadda ta yi wa rabin mutanen duniya a bakin benci, kuma ba ta tuna ranar da wani ya yi mata ita ba. Ta jingina da kujera, ta ɗora hannuwanta a kan farin ƙyallen tebur.

"'Yata, kawo duk abin da kuke da shi," ta ce. "Banda farfesun akuya."