Tantin Larbi a Bayan Tudu

Larbi direban babbar bas ne a birnin Fas, ya tsufa cikin hon da zagin fasinja. Da aka ba shi hutu a tsakiyar zafi, abu ɗaya ya ce wa matarsa Zuhur yana so: wurin da ba zai ji muryar kowa ba. Ya ari tanti a wurin ƙaninsa, suka ɗaure shi a saman tsohuwar motarsu, suka hau dutse zuwa gandun dajin gwamnati.

Tun daga bakin ƙofa ya fara tsaki. Motoci sun yi layi, samari na kaɗa ganga, hayaƙin gashin nama ya cika ƙarƙashin itatuwa, yara na miƙa wa birai gyaɗa suna ihu.

"To ga shirun naka," in ji Zuhur. "Da ka bari mun kwana a tashar mota, da mun huta da sayen mai."

A ofishin ƙofa suka tarar da wata ma'aikaciya mai suna Itto, ta shimfiɗa musu taswira. Ta nuna filin bakin tafki, ta ce ya cika. Ta nuna na kusa da masallaci, ta ce akwai sauran wuri ɗaya. Larbi ya ɗora yatsa can gefen takardar.

"Nan fa?"

"Bayan tudu ke nan, Baba. Ba kowa. Amma waya ba ta kamawa, kuma hanyar da ta kai ku ita ce za ta dawo da ku."

"Madalla. Rubuta mu."

Itto ta dubi Zuhur. Zuhur ta ɗaga kafaɗa. "Rubuta, 'yata. In ya ƙi jin magana a gida, a nan zai ji?"

Wurin ya yi kyau, ba ƙarya. Fili ne ɗan ƙarami a tsakiyar manyan itatuwa, ƙasa lulluɓe da busasshen ganye mai ƙamshi. Larbi ya kafa tanti yana gumi, ya miƙe a tabarma, ya ce wannan ita ce duniya. Iskar gabas mai zafi, wadda muke kira shargi, tana ta hurawa tun safe, tana busar da leɓe.

Bayan azahar Zuhur ta ɗora shayi a ɗan murhun gas, ta cusa na'ana'a a buta. Tana cikin zubawa ta tsaya.

"Baban Su'ad, ka ji?"

"Ban ji komai ba. Abin da na zo nema ke nan."

"Da muka iso tsuntsaye na kuka."

Ta miƙa masa kofi, sai wani abu fari ya sauko a hankali ya zauna a kan shayin. Ta sa ɗan yatsa ta ɗauke shi, ya murmushe. Wani ya sake sauka a hannun rigarta.

Daga nan birai suka ɓullo daga saman tudu. Ba ɗaya ba, ba goma ba, garke guda, uwaye da 'ya'ya maƙale a cikinsu. Suka ratsa tsakanin tantin da motar, suka tsallake burodi da zaitun da ke kan tabarma, ko ɗaya bai waiwaya ba. Suka gangara ƙasa suka ɓace.

"Birin da ya ga burodi ya wuce," in ji Zuhur, muryarta ƙasa-ƙasa. "Tashi."

"Masu gashin nama ne, hayaƙinsu ne iska ta kwaso."

"Larbi, dubi rana."

Ba ta saba kiran sunansa ba. Ya ɗaga kai. Ranar ta koma ja, har ana iya kallonta ido buɗe.

Suka bar tantin a tsaye da shayin a kofi. Larbi ya ja motar da gudu, amma da suka sha kwana ta biyu sai ya taka birki. Hayaƙi ya tare hanyar kamar bango, a cikinsa ana jin wani ruri mai kama da na manyan motoci a jere. Wani itace ya kama da wuta daga ƙasa har sama a lokaci guda. Hanyar ba ta da faɗin juyawa. Ya sa hannu a bayan kujerar matarsa ya koma da baya har filin.

"Mu bi inda birai suka bi," in ji Zuhur.

Ta juye ruwan jarka a kan gyalenta, ta yaga shi biyu, kowa ya rufe hanci. Suka gangara a ƙafa, suna zamewa, ƙaya na yagar ƙafafunsu. Takalmin Zuhur ɗaya ya fita, ba ta tsaya ba.

Suna tsakiyar gangaren suka ji hon ɗin mota daga can sama, wajen da wutar take. Dogo, sannan gajeru, sannan dogo. Larbi ya ja ya tsaya.

"Akwai mutane a sama."

"Me za ka kai musu? Tsufanka?"

Ya tsaya yana kallon tudun. Hon ɗin ya ci gaba, ya ci gaba, sannan ya yanke. Zuhur ta kama hannunsa ta ja.

A ƙasa akwai tsohon tafki da ya ƙafe, ba komai a cikinsa sai duwatsu da tsagaggiyar laka. Biran na can tsakiya a tsugune. Su ma suka shiga suka zauna nesa kaɗan da su, toka na zuba a kansu, Zuhur na tari tana salati.

Wajen la'asar sakaliya motar masu gadin daji ta iso ta cikin kwarin. Itto ce ta gaya musu akwai tsofaffi biyu a bayan tudu. Shugabansu, wani mai furfura da ake kira Hammu, ya ba Zuhur ruwa, ya ce sun yi sa'a.

"Na sama fa?" in ji Larbi.

"Waɗanne? Ku biyu kaɗai aka rubuta a wannan ɓangare."

"Na ji hon. Aikina ne, na san hon ɗin wasa, na san na neman taimako."

Hammu ya daɗe yana kallon tudun, sannan ya ɗauki oba-oba ya koma gefe.

Washegari aka same su. Ɗalibai biyu ne da suka ga layin ƙofa ya yi tsawo, suka zagaya ta hanyar makiyaya, su ma suna neman inda ba hayaniya. Ɗaya ya tsira a cikin wani ramin dutse. Ɗayan kuwa gawarsa aka samu a cikin motarsu.

Zuhur ta yi kwanaki a asibitin garin Azru ana sa mata iska. Larbi yana zaune a bakin gadonta. Ranar da aka sallame ta ya tambayi wata nas ɗakin da yaron da ya tsira yake. Ya je har ƙofar, ya hango uwar yaron tana ba shi ruwa da cokali, ya tsaya a nan bai shiga ba.