Mako Biyu a Rami, Ɗaya a Gida

Warrick Dunstall ya shiga aikin haƙar tama a Pilbara, can arewa mai nisa, da niyyar yin shekara biyu. Haka ya faɗa wa matarsa Noelene ranar da ta fara kai shi filin jirgin Perth, 'yarsu Tegan tana kujerar baya sanye da kayan makaranta. Tegan ta gama makarantar, ta kama aiki, har ta kawo saurayi gida ya gaisa da iyaye, Warrick yana nan yana hawa jirgin.

Tuƙin tifa yake yi, irin wadda tayarta kaɗai ta fi mutum biyu tsawo. Ya gangara cikin rami, a loda masa jan dutse, ya hauro, ya juye, ya koma, haka har awa goma sha biyu ta cika. Mako biyu yake yi a can, ɗaya a gidansu na Mandurah. Cikin biyun nan, na farko aikin rana ne, na biyu na dare. Da jiki ya soma sabawa da ɗaya sai a juya shi kamar waina a tanda.

Shekarun farko bai ɗauki abin a bakin komai ba. Daga baya ne barci ya soma yi masa rowa. Ya tashi daga aiki da hantsi, ya shiga ɗan ɗakinsa na sansani, wanda ya manne wa taga da baƙar leda, ya kwanta na'urar sanyi tana gurnani, idonsa biyu. Sai ya kama tunanin gida. Ba wani babban abu yake tunawa ba. Yadda Noelene take cusa ƙafafunta masu sanyi tsakanin nasa. Ƙarar cokali a kofinta da safe. Warin ruwan gishiri idan iska ta taso daga bakin kogi, da yadda a da su biyun suke naɗe wando su shiga kamun kaguwa. Yana cikin haka a buga ƙofar maƙwabci, ya gane lokacin tashi ya yi.

Maƙwabcin nan shi ne Tavita, mutumin Samoa, ƙato mai dariya kamar tsawa, iyalinsa suna Brisbane. Shi ma tifa yake ja, kuma tare suke cin abinci.

"Tsoho, wannan ido naka in ka shiga gari da shi sai yara su watse," in ji Tavita wani yammaci, yana tura masa faranti.

"Kai ka damu da naka. Cikin nan naka ya kusa hana ka kama sitiyari."

"Wannan ai ajiya ce. Ranar da suka kore mu, ni ina da abin da zan ci wata uku. Kai fa?"

Suka yi dariya, suka cika faranti da soyayyen nama da dankali, kowa ya ɗauki gwangwanin abin shan nan mai hana barci ya soka a aljihu. Warrick ya lura ƙishirwa ba ta barinsa, kansa kuma yana sarawa ta ƙeya, amma wa ke da lokacin likita? A sansani aiki, a gida kuwa kwana biyun farko a kwance yake yin su kamar gawa, na ƙarshe kuma hankalinsa ya riga ya koma filin jirgi.

Da aka sa ranar auren Tegan sai ta faɗo daidai ƙarshen makonsa na dare. Ya nemi a sake shi da wuri, aka ce babu wanda zai riƙe motarsa. Don haka ya sauka daga tifa da safiyar Juma'a, ya hau jirgi, biki kuma Asabar da rana.

A wani lambu aka yi, gab da bakin ruwa. Warrick ya sa kwat ɗin da Noelene ta goge masa, ya riƙe hannun 'yarsa ya raka ta har gaban ango. Tegan ta matse masa hannu ta ce a hankali, "Baba, kada ka yi kuka ka ɓata min kwalliya." Bai yi ba. Ya dai ji ƙasa tana ɗan lilo a ƙarƙashinsa, muryar fasto tana zuwa masa kamar daga cikin rijiya.

Bayan an ci abinci, makaɗa suna gyara kayansu, Noelene ta raɗa masa cewa takalminta ya ishe ta, ya ɗauko mata mara tsinin nan a mota kafin a fara rawa. Rawar farko ta uba da 'yarsa ce. Sun ma gwada ta a falo, Tegan tana yi masa tsiya wai yana taka ƙafa kamar mai taka birki.

Ya je mota, ya sami takalmin a ƙarƙashin kujera. Ya ce bari ya ɗan zauna jirin nan ya wuce.

Da ya buɗe ido, rana ta faɗi. Ta gilashi ya hango samari suna naɗe kujeru suna lodawa a bayan mota. Takalmin yana kan cinyarsa. Noelene tana zaune a kujerar direba, nata takalman a hannu, tana kallon gabanta.

"Me ya sa ba ki tashe ni ba?"

"Na tashe ka, Warrick. Na girgiza ka har mutane suka fara waiwaye. Ka buɗe ido ka dube ni, ka ce lodin bai cika ba, ka koma."

"Rawar fa?"

"Uban ango ya yi da ita."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Amarya da ango sun riga sun tafi. Tegan ta aiko saƙo daga hanya cewa ba komai, Baba ya huta. Ya karanta shi sau da yawa a makon nan. Kalmar "ba komai" ɗin ce ta fi ci masa rai, don ya gane ta daɗe da koyon faɗarta.

Ya koma Pilbara da nauyin abin a ƙirji. Bai faɗa wa kowa ba sai Tavita, wanda a karon nan bai yi tsiya ba. Ya ce shi ma a waya ya ga baftismar autansa, yana zaune a ɗakin wanki na sansani don a can ne waya take kamawa sosai.

Wata biyu bayan haka, gab da ƙarshen aikin dare, gari ya soma haske, Warrick yana haurowa da lodi. Abin da ya sani kawai shi ne kujera ta girgiza da ƙarfi, ƙararrawa tana ihu. Na'urar da ke lura da idon direba ce ta kama shi ya rufe ido. Tayar gefe ta riga ta hau tudun ƙasar da aka tare bakin hanya da shi, bayan tudun kuma rami ne. Ya taka birki, ya kashe motar.

Ma'aikaciyar jinyar sansani ta auna jininsa, ta sake aunawa, ta dube shi. Ta ɗiga jini daga yatsarsa ta duba suga.

"Kai da ƙafarka ka shigo nan?" ta ce. "Yau za ka hau jirgi."

Likitan Mandurah bai ɓoye masa komai ba. Hawan jini, ciwon suga, zuciya kuma ta soma gajiya. Ya ce jiki yana da agogonsa, wanda aka yi shekaru ana murɗa shi gaba da baya ba ya gyaruwa a wata ɗaya. Idan yana so ya ga jikoki, ya bar aikin dare. Warrick ya bar aikin gaba ɗaya.

Ya zaci da ya dawo shi ke nan, duk abin da yake kwana yana tunani a ɗakin sansani zai same shi yana jiransa. Ashe ba haka abin yake ba. Noelene tana kwance kusa da shi, amma shi idonsa biyu har asuba, yana juyi, har ta gaji ta ɗauki matashinta ta koma tsohon ɗakin Tegan. Da rana kuma, lokacin da take son hira, kansa yana rinjaya a kujera. Abu kaɗan ya harzuƙa shi. Bai san inda ake ajiye komai a gidan ba. Tana da ƙawayenta na ranar Laraba, tana da mai gyara mata famfo, tana da yadda take cin abincin dare a tsaye a kicin. Ya ga gidan ya koyi tafiya ba shi.

Wata safiya ya same ta tana shanya kaya a bayan gida.

"Noelene, na dawo, amma kamar ban dawo ba."

Ta ci gaba da maƙala riga a igiya kafin ta amsa. "Ka san abin da jirgin nan yake kawo min duk shekarun nan? Gajiyarka. In wanke ta, in ciyar da ita, da ta fara zama mutum sai in mayar da ita filin jirgi. Ni ma kewarka nake yi, Warrick. Har yanzu da kake tsaye a nan."

"To yaya za mu yi?"

"Ka miƙo min wancan zanen gadon tukuna."

Ya miƙa mata, suka kama bakinsa biyu suka shanya tare.

A hankali abin ya riƙa sassautawa. Ya sami aikin rana a wurin masu gyaran ƙananan jiragen ruwa, yana shan magani safe da yamma, ya rabu da soye-soye da kayan zaƙi yana mita. Da yamma sukan taka zuwa bakin ruwa su dawo. Barcin bai koma yadda yake ba, kuma likita ya ce mai yiwuwa ba zai koma ba. Wani daren ya samu, wani daren ya ƙare a kicin yana jiran gari ya waye. Amma Noelene ta mayar da matashinta ɗakinsu. Tegan tana zuwa ranar Lahadi da mijinta. Maganar biki ba ta taɓa tashi ba, shi kuma duk lokacin da ya ji irin kiɗan nan a rediyo sai ya canza tasha.

Abin da bai yi tsammani ba shi ne zai yi kewar Tavita. Sukan yi waya jefi-jefi, amma lokacin da ɗaya yake ido biyu ɗayan yana kwance. Sai wata rana Tavita ya aiko cewa zai yi jiran jirgin Brisbane a Perth na ɗan lokaci. Warrick ya nemi izini a wurin aiki ya tuƙa mota ya je.

Ya hango shi daga nesa cikin rigar aiki mai ruwan lemo, jan ƙasa har a kunne. Suka rungume juna.

"Kai, tsoho! Ina sauran ka? Noelene ta daina ba ka abinci ne?"

"Ganye take ba ni kamar akuya. Zauna, ƙato, kafin ka karya musu ƙasa."

Suka zauna a wani shagon shayi. Tavita ya ba shi labarin sansani, wane ya tafi, wane matarsa ta bar shi, sabon mai dafa abinci ba ya sa gishiri. Warrick yana dariya, amma fuskar abokinsa yake kallo. Idanun sun yi ja sun faɗa, leɓɓan sun bushe. Sai yanzu ya ga abin da Noelene ta yi shekaru tana ɗaukowa daga filin jirgin nan.

"Tavita, ka je a auna ka. Da gaske nake."

"Zan je."

"Ka bar aikin nan, mutumina. Ramin ba zai cika ba, mu ne za mu ƙare."

Tavita ya yi murmushi ya shafa kai. "Yara huɗu, ga tsohuwata a Apia can Samoa, ga rufin coci da muka ɗauki nauyinsa. Shekara biyu kawai, ɗan'uwa. Shekara biyu in dawo gida. Matata Sina ta ce in na dawo za mu je Samoa mu yi wata guda, in kwanta a ƙarƙashin bishiyar mahaifina, kowa ya ƙyale ni. Akwai wani wuri a bayan gidanmu da ruwa yake..."

Bai ƙarasa ba. Haɓarsa ta sauka kan ƙirji, numfashinsa ya yi nauyi. Warrick ya zare kofin daga hannunsa a hankali ya ajiye gefe. Da mai shagon ta zo kwashe kofuna, ya ɗora yatsa a baki, ta gyaɗa kai ta wuce. Ya jawo jakar Tavita kusa da ƙafarsa, ya gyara zama, yana kallon allon jirage. Mutane masu rigar lemo suna ta wucewa, wasu za su arewa, wasu sun dawo.

Da aka kira jirgin Brisbane bai motsa ba. Ya bari har layi ya kusa ƙarewa, aka yi kira na ƙarshe, sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Tashi, ƙato. Sina tana jiranka."

Tavita ya zabura yana lalube kamar mai neman sitiyari, ya dubi Warrick, ya gane inda yake. Ya saɓa jakarsa, ya ɗaga hannu, ya bi bayan layin da sauri. Warrick ya tsaya har ƙofar ta rufe, sannan ya kira Noelene ya ce mata ga shi nan tafe, kada ta ci abinci sai ya iso.