Bakwai da Shida

Shekara ashirin da shida ke nan Baba Mai Ƙofa yana tsaron zauren majalisar ƙaramar hukuma, amma in ka tambaye shi abin da ya gani a ciki, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kujeru." Ba rainin hankali ba ne. Kujeru goma sha uku ne na kansiloli goma sha uku, shi yake goge su, shi yake jera su bayan kowane zaɓe. Masu rinjaye suna ɓangaren taga inda iska take. Marasa rinjaye suna ɓangaren bango, ƙarƙashin fankar da ta mutu tun ba a yaye autarsa ba.

Lokacin da aka yanki ƙaramar hukumar daga uwarta, goma ne a taga, uku a bango. Zaɓe na biyu 'yan bangon suka haye, suka zama takwas. Sai aka rushe majalisar baki ɗaya aka kawo kantoma, Baba ya tara kujerun a sito shekara huɗu, ɓeraye suka yi mulkinsu a kai. Da aka dawo, jam'iyyu sun sake suna, biyu sun haɗe, ɗaya ta tsage, amma fuskokin nan dai su ne. Shi ya sa bai taɓa wahalar da kansa da haddace sunan jam'iyya ba. 'Yan taga ne da 'yan bango, shi ke nan. A bana bakwai ne da shida.

Kuma a zauren nan ba a ƙuri'a da ɗaga hannu. An daina tun shekarar da wani ɗan duniya ya ɗaga hannu biyu aka ƙirga masa duka, har aka fasa wa mutum baki. Yanzu ƙafa ce ke zaɓe. Akawu zai kaɗa ƙararrawa, wanda ya yarda ya tsaya ɓangaren taga, wanda bai yarda ba ya koma bango. Baba kuma ya je ya zura wa ƙofa sakata don kada wani ya sulale. Da sakata ta yi ƙara, magana ta ƙare: inda ta same ka, nan ne ra'ayinka. Da yake ba mai barin 'yan'uwansa, Baba bai taɓa jiran kowa ba. Ƙararrawa, taku tara, sakata, ya jingina bayansa da ƙofa ya dubi siminti.

To, ranar Laraba za a yi ƙuri'a kan rushe layin da ke bayan tsohuwar kasuwa don a gina tashar mota. Gida arba'in da ɗaya. Na goma sha bakwai a ciki na Baba ne, wanda mahaifinsa ya gina, mai bishiyar gwaba a tsakar gida. Tun da aka zo aka shafa wa katangarsa jan fenti, Baba ya daina jin komai. Yana cin abinci, yana zuwa aiki, in an gaishe shi ya amsa. Matarsa ce ke ta faɗa, ita da maƙwabta, shi kuwa sai kallo.

'Yan taga bakwai suna son tasha, 'yan bango shida ba sa so. Amma na bakwai ɗin Hedimasta ne, tsohon shugaban firamare, kansilan mazaɓarsu Baba, wanda ɓarin jikinsa ya shanye wata biyar da suka wuce. Ba ya tafiya, ba ya magana. Ciyaman ya aika lallai a kawo shi ranar Laraba ko a kan katifa ne.

Ranar Litinin da la'asar matar Hedimasta ta aika a kira Baba. Ya sami Hedimasta a keken guragu a falo, baki a karkace, tawul a wuya.

"Ranka ya daɗe, ya jiki?"

Hedimasta ya lumshe ido. Matarsa ta miƙo wani littafin rubutu na 'yan makaranta. Da hannun hagu aka yi rubutun, baƙaƙen duk sun kwanta: Ka tura ni bango.

"Baba, ka gane?" in ji ta, murya ƙasa. "Ni ba za a bar ni in shiga zaure ba, kai za ka karɓe shi a ƙofa. Da an kaɗa ƙararrawa, ka tsallaka da shi kafin ka taɓa sakata. Kada ka gaya wa kowa, ko matarka. In suka ji, a gida za su bar shi."

Baba ya ce to. Ya so ya ji daɗi, ya lalubi daɗin a ƙirjinsa bai same shi ba. Ya dai yi godiya yadda ya kamata.

Laraba zaure ya cika. Baba ya karɓi keken a ƙofa, ya cire kujerar Hedimasta ya ajiye shi a gurbinta, kusa da taga ta biyu. 'Yan taga suka yi ta zuwa suna dafa kafaɗar mara lafiya, "Hedimasta ikon Allah! Tsohon soja ba ya gudun fage!" Baba ya tsaya a bayan keken, hannunsa a kan mariƙi.

Aka shiga surutu. Wayyo, surutu! Kansilan da ake kira Rediyo ya yi minti arba'in yana bayanin ci gaba. Wani ɗan bango ya tashi ya kawo tarihin kasuwar tun daga kakansa. Aka yi musu kan ko an karanta bayanin zaman da ya wuce. Zafi ya sauko, ƙuda ɗaya yana ta bugun gilashi. Baba ya ji irin wannan sau ɗari, kalmomin suna wucewa ta kansa kamar ruwa a kan kwano. Bai san sa'ad da ya saki mariƙin ba.

Akawu ya kaɗa ƙararrawa.

Taku tara. Sakata ta yi ƙara. Baba ya jingina bayansa da ƙofa ya dubi siminti.

"Ɗaya," in ji akawu, "biyu, uku." Akwai wani ƙwanƙwasa da ke tashi a ɓangaren taga, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Baba ya ɗaga kai sa'ad da akawu ya kai biyar. Hedimasta ne yake bugun ƙarfen keken da zoben hannunsa mai lafiya, wuyansa a murɗe, yana neman ƙofa da ido.

"Ku ji Hedimasta, har tafi yake yi mana!" in ji Rediyo. Aka yi dariya.

"Shida. Bakwai."

Baba bai motsa ba. Ko da ya motsa, doka doka ce, kuma shi ya fi kowa saninta. Da ciyaman ya rufe zama, Baba ya zare sakatar, ya je ya kama keken. Hedimasta bai dube shi ba. Yawu ya zubo masa a haɓa, Baba ya sa tawul ya share. A bakin ƙofa matar tana jira, ta ji sakamakon tun daga waje. Ta karɓi mariƙin daga hannunsa ta tura keken.

Ya koma ya mayar da kujerar Hedimasta wurinta, ya share zaure, ya kashe fitilu, ya kai wa akawu mukulli. Ya bi ta kasuwa a ƙafa. Wani ya gaishe shi, ya amsa.

Matarsa na tsakar gida tana kwashe shanya. Ba ta jira ya cire takalmi ba.

"Malam, nawa da nawa?"

"Bakwai da shida."

Ta tsaya da zani a hannu. "Hedimasta ya zo?"

"Ya zo."

"Da su ya tsaya? Mutumin da ya koyar da 'ya'yanmu duka? Da bakinsa ya ce mana layin nan ba zai faɗi yana da rai ba!" Ta yi jifa da zanin cikin kwando. "Wallahi ban yafe ba. Duk wanda ya cika musu bakwai ɗin nan, Allah ya isa tsakaninmu da shi."

Ta tsaya tana kallonsa, tana jira, don a gidan nan ba a yin addu'a maigida ya yi shiru.

"Amin," in ji Baba.