Gwangwani na Uku

Saura kaɗan in ƙi rubuta wannan. Firamare kawai na yi, kuma har yanzu ina jin kunyar abin da na aikata. Ƙanwata Bara'atu ce ta nace.

Tana sakandare a Tambuwal. Da ta zo hutu gida Kebbe, ta zo da aikin kimiyya, wai a gano abin da ya fi kare wake daga ƙwari. Ta zuba waken gonarmu a gwangwani uku: ɗaya da toka, ɗaya da ganyen dogon yaro, na uku haka nan. Ta ce in kula da su wata biyu, da su za a ba ta makin ƙarshen shekara.

Bayan tafiyarta na leƙa na ukun, na ce yarinyar nan mantuwa ta yi. A gidanmu ba a ajiye wake ba komai. Na zuba masa toka da barkono, har ina yaba wa kaina.

Da wata biyu suka cika, kawunmu Ɗanmaliki ya kawo ta a babur tare da malamarsu, Malama Hamdiya. Bara'atu ta buɗe na ukun, ta dube ni.

"Yaya, mi kinka yi? Da gangan na bar wanga, don in gwada shi da sauran!"

Na kasa ɗaga kai. Idona ya cika da hawaye.

Sai Kawu ya sosa ƙeya. "Malama, in waken da ba a sa wa komi ba kuka biɗa, akwai shi ɗakina."

Inna ta riƙe baki. "Wanda na ba ka ranar sussuka? Ka ce mani ka sa mai toka!"

"Niyya nika yi kullum."

Malama ta yi dariya, ta tambaya ko gona ɗaya ce, ko rana ɗaya aka ajiye. Aka ce e. Da Kawu ya kawo shi, duk ƙwari sun huhhuda shi. Ta ce ya yi, amma a rubuta abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye.

Na gode wa Malama, na gode wa Bara'atu da ba ta ƙara ce mini komai ba. Allah ya saka wa Kawu da alheri, ko da Inna ba ta daina yi masa tsiya ba.

Washegari da safe na soya ƙosai, na kai masa da zafinsa.