Taɓaryar Zainabu

"Maimaita, Shamsu! Maimaita gaban maza in ji."

Ran sadakar uku ce, na tsaya bakin tabarmarsu ko takalmi ban cire ba. Jiya ya shiga cikin mata ya ce ni na kashe uwarsa Zainabu da daka. Ni Ɗelu, da katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin!

Zainabu fuka gare ta. Da ta yi aiki mai ƙarfi sai ƙirjinta ya kama kuka kamar 'yan kyanwa. Wajen injin niƙa kuwa ba ta zuwa, ƙurar garin shaƙe ta take. Lokotoro, likitan asibiti, ya ba ta ɗan famfon shaƙa, ya ce kar ta zauna kamar buhu. Ta motsa jiki, amma in numfashi ya fara gudu ta tsaya, ta ja ta hanci, ta saki ta baki sannu-sannu kamar mai hura kunu. Shi ne muka tsara lugudenmu: ta buga uku ta jingina da taɓarya tana hura kunun da babu, ni in ci gaba ni kaɗai.

"Lokotoro ya naɗa ni sarauniya," in ji ta. "Daka, baiwa!"

"Sarauniyar tsaye. Ƙarasa hura kununki, ya huce."

Ran Talatar da ta rasu ko turmi ba mu taɓa ba. Daga lambu ta dawo ta bakin tabki, an ƙona kara, hayaƙi ya rufe hanya. Ta zauna gindin bango, ta shaƙi famfo bai yi ba. Kafin kabu-kabu ya iso ta cika, kanta bisa cinyata.

Shamsu ya sunkuyar da kai. Malam Isa, maƙwabcinmu na baya, shi ya yi gyaran murya.

"Shamsu, kai kana can garin Ɗan Issa, mu muna nan. Ta bayan katanga nake ƙirgawa kullum: uku ta uwarka, bakwai ta Ɗelu. In akwai wadda daka ya kusa kashewa, ga ta nan tsaye."

Maza suka bushe da dariya, har liman ya rufe baki da hannun riga.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Shamsu. "Zafin rashi ne."

"Ba nan ka zubar ba. Gaban mata ka zubar, can za ka tahi ka kwashe."

Ya tashi, na sa shi gaba har tsakar gida. Ya kwashe kuwa, kalma-kalma, ina tsaye ina ji. Da la'asar sai ga shi ƙofar gidana da taɓaryar uwarsa a kafaɗa.

Da safe na zuba gero a turmi, na ɗauki tata. Wurin riƙon ya yi santsi, ya ɗan yi wa hannuna ƙanƙanta. Na buga uku na jingina. Na ja ta hanci, na saki ta baki. Kaji na gindin turmi suna jira.