Ihun Da Ya Tsaya A Bango

Tunda tela ya nuna wa 'yan sanda ɓarawon da ya fizge wayar wata mata, 'yan daba suka aiko cewa sai sun yanka shi. Yayansa mai gyaran waya ya bugi ƙirji. "Bango ɗaya ne tsakanin shagona da naka. Ka yi ihu kawai."

Ranar da abin zai faru, wani ya kawo masa hedifon gyara, irin mai bin motsin kai. Shegen abu! In ƙara ta taso daga ƙofa, ko ka juya kai tana nan a ƙofar, ba ta bin kunnenka. Da safe ya gwada shi da fim ɗin faɗa, aka harba bindiga ta bayansa, sai ga shi, ƙato da shi, a ƙarƙashin tebur. Masu shagunan layin suka yi dariya har da riƙe ciki, mai shayi yana ta kiransa jarumi. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Da yamma ya canja batir, ya mayar da shi kunne, ya kunna fim ɗin, ya ƙure ƙara. Ana sara, ana fasa kwalabe. Can sai ya ji an doki bango ta hagu, ƙarfe ya faɗi, wani yana kururuwa. Ya juya kai. Ihun bai motsa ba, yana nan a bangon.

"Kayya, ba ku isa ba," ya ce yana murmushi. "Sau ɗaya ake yi min."

Ya gyara zama. Ya ji ƙashi ya karye, ya ji muryar ta shaƙe tana kiran yaya, har ya jinjina wa masu fim ɗin, wai sun iya aiki.

Fim ya ƙare, ya zare hedifon. Nishin bai tsaya ba.

Ya fita a guje ba takalmi. Layin wayam, kowa ya ja ƙofarsa. Keken ɗinki na kife, jini ya jiƙe yadin mutane, ƙaninsa na kwance jikin bangon nan, hannun dama a sare, ciki a farke. A saitin kansa duk shatin tafinsa ne a bango, ja wur, inda ya yi ta bugawa.

Ya tallafo kan ƙanin nasa.

"Yaya," in ji tela da ƙyar, "ashe ba ka nan?"



"Eh," ya ce. "Na fita."